Yadda ake haɗa bikin kallon fina-finan Latin Amurka a Sakkwato ba tare da mutane sun watse tun rabin fim ba

Duk wanda ya taso da kallon talabijin a ƙasar nan ya riga ya san fina-finan mutanen Latin Amurka ko da bai san sunan yankin nasu ba, wancan wasan na Paloma da Diego da mata sunka riƙa barin tukunya kan wuta dominsa ai daga Meziko ya fito. Ta ɓangaren ƙwallo kuwa ba sai an faɗa ba, Maradona da Messi 'yan Ajantina, Pele da Ronaldinho 'yan Birazil, kuma har gobe ba mu daina tuna Atlanta 1996 ba da munka fidda Birazil da ci 4 da 3 sannan munka doke Ajantina 3 da 2 a wasan ƙarshe. Yankin ya faro daga Meziko ya gangara har Ajantina da Chile, ya haɗa da tsibirai irin su Kyuba, yawancinsu Sifaniyanci suke yi in ka cire Birazil mai yaren Fotugis, waɗanda sunka yi ƙaura zuwa Amurka da ɗiyansu da jikokinsu su ne aka fi kira Latino.

Can bikin fim abu ne da ya daɗe, na Havana a Kyuba tun 1979 ake yinsa, na Latino da ke Chicago tun 1985. Mu ba da su za mu yi gasa ba. Abin da nike nufi a nan kwana uku ne, fim biyar ko shida, a harabar makaranta ko wani zaure, da majigi ɗaya da janareto ɗaya, amma a yi shi yadda wanda ya zo za shi fahimci abin da ya kalla. Nan ne aikin yake. Kujeru da fosta kowa na iya samowa, sa dattijo daga Mabera ko ɗaliba daga Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari su zauna awa biyu suna bin labarin da ake yi da Sifaniyanci shi ne wahala.

Ku fara da tanadin amsar tambayar da kowa za shi yi muku, daga mai unguwa har mahaifiyarku: to mi ya haɗa mu da su? Amsar tana Bahia, jihar da ke arewa maso gabashin Birazil. Bayan fara jihadin Shehu a 1804 yaƙe-yaƙe sun yi yawa a ƙasar Hausa, an kama mutane daga kowane ɓangare, wasu anka gangara da su kudu har bakin teku anka sayar, jiragen ruwa sunka sauke su a birnin Salvador. Hausawan nan ba su zauna lafiya da bauta ba, a 1807 an bankaɗo shirinsu na tawaye, a 1814 sun tashi da gaske. Sai babban tawayen Musulmi na daren 24 wayewar 25 ga Janairun 1835, cikin goman ƙarshe na azumi, wanda ake kira tawayen Malê, wajen mutum 600 sunka fito da fararen riguna da layu a wuya. Kar ku ƙara gishiri a nan don malaman tarihi na jami'ar Danfodiyo za su kama ku, mafi yawan waɗanda sunka fito a 1835 Yarbawa ne Musulmi, Hausawa kaɗan ne, amma cikin malaman da aka kama akwai Bahaushe Elesbão do Carmo da ake kira Dandará, mai sayar da taba ne kuma yana koyar da karatu. Takardun Larabci da 'yan sanda sunka ƙwace a jikinsu suna nan ajiye a gidan adana tarihi na jihar Bahia. Birazil ba ta haramta bauta ba sai 1888, ita ce ta ƙarshe a duk nahiyar. In kun iya faɗin wannan cikin minti uku ba tare da duba takarda ba to kun ci rabin neman izini, don ba wanda za shi ce labarin almajiran da aka raba da ƙasarsu bai shafi Sakkwato ba.

Kwamiti kar ya wuce mutum bakwai, in ya wuce sai gurup ɗin WhatsApp ya koma wajen tura sitika. A samu mai kula da kuɗi wanda ba shi ne shugaba ba, a samu mai kayan wuta da sauti, a samu mai rubuta wasiƙu da Turanci mai kyau, sannan lalle lalle a sa mata aƙalla biyu masu faɗa a ji, ba na ado ba, su ne za su gaya muku lokacin da mata ke iya fitowa da irin fim ɗin da za su tashi su bar muku wurin.

Lokaci kuwa garin ne ke zaɓar muku. Daga Maris zuwa Mayu zafi na wuce digiri 40, majigin kansa sai ya riƙa kashe kansa, daga Yuni zuwa Satumba hadari na iya tasowa ana tsakar kallo. A Amurka watan bikin al'adun mutanen nan daga 15 ga Satumba ne zuwa 15 ga Oktoba, amma ba dole ne ku bi su ba, mu Nuwamba zuwa farkon Disamba ya fi mana, ruwa ya ɗauke sanyi bai yi tsanani ba. Ƙarshen Janairu ma ya yi in kuna son ya dace da ranar tawayen Bahia, sai dai a ce wa mutane su zo da rigar sanyi. A duba kalanda kar ya faɗa cikin azumi ko satin jarabawa, kuma don Allah a duba jadawalin ƙwallo, ranar da Barcelona ke wasa da Madrid ko daren Champions League in kun sa fim to ku da kujeru ne. Ku ba kanku wata huɗu na shiri, wasiƙun neman izinin fim kaɗai na iya cin wata biyu.

Wuri iri biyu kuke buƙata. Zaure mai rufi da za a iya toshe tagoginsa don kallon rana, tsakanin azahar da la'asar ko daga la'asar zuwa kafin magariba, wannan na mata ne da 'yan makaranta. Sai fili mai katanga da ƙofa don kallon dare bayan isha'i, a tashi kafin goma. Ɗakunan taro na jami'a ko na Kwalejin Ilimi ko Poli ta Umaru Ali Shinkafi sun fi sauƙin samu in akwai malami a cikinku ko kuma kun shiga ta hannun ƙungiyar ɗalibai, sai dai ku tuna mazaunin jami'a na dindindin da nisa daga cikin gari, wanda ba shi da abin hawa ba za shi je da dare ba. Jawabin tarihin Bahia kuwa in za a samu yinsa a gidan tarihi na Waziri Junaidu da ya fi armashi, ku rubuta musu ku gani.

Neman izini da ƙafa ake yi ba da waya ba. Ku je wajen mai unguwa ku biyu ko uku, da manyan kaya, da takarda mai ɗauke da ranaku da lokuta da sunan kowane fim da bayaninsa layi biyu da Hausa. Ranka shi daɗe, mun zo ne da wata 'yar hidima ta ilimi muna son ku sa mana albarka, kuma ga kujera mun aje muku ranar buɗewa. Daga nan limamin unguwa, sai wasiƙa ga DPO, sai 'yan Hisba, kuma shawarata ku gayyaci mutum ɗaya daga cikinsu ya zauna da ku ranar da kuke tantance fina-finan, wanda ya ga abu da idonsa tun farko ba ya zuwa daga baya da jita-jita. Ku kuma tuntuɓi ofishin hukumar tace fina-finai ta ƙasa, NFVCB, ku ji abin da suke buƙata ga mai nuna fim a bainar jama'a. Kalmar sinima tana da nauyi a kunnen dattawanmu, sun san abin da ake yi a bakin gidajen sinima na da, to ku nuna musu tsarin zama, maza gefe mata gefe, ƙofa daban daban, fitila a bayan fili.

Zaɓen fim shi ne inda ya kamata ku ɓata lokaci. Fina-finan yankin nan da yawa masu kyau ne ƙwarai amma ba su da kunya irin tamu, za ka ga labari na tafiya lafiya lau kwatsam sai ga abin da ba ka iya kallo da ƙanwarka. Doka ɗaya ce, ba a sa fim a jadawali sai mutum uku na kwamiti sun kalle shi daga farko har rubutun ƙarshe ba tare da gudu da shi ba, ɗaya daga cikinsu mace, da biro da takarda suna rubuta minti kaza ga abu kaza. Kar ku dogara da cewa ya ci kyauta. Roma na Alfonso Cuarón ya ci Oscar uku a 2019, labarin 'yar aiki ce a wani gida a birnin Meziko kuma duk wanda ya san rayuwar 'yan aikatau za shi ji shi a jikinsa, amma akwai wurin da namiji ke tsaye tsirara, wannan kaɗai ya isa ya rufe muku biki. Cidade de Deus na 2002 shi ma shahararre ne, sai dai harbi ne da ƙwaya daga farko har ƙarshe, ku bar shi. Kuma kar ku ce ai sai mu yanke, yawancin masu fim ba su yarda a taɓa musu aiki ba sai da izini a rubuce, gara tun farko a nemo wanda ba ya buƙatar almakashi.

In ni ne da Central do Brasil zan buɗe, na Walter Salles, 1998, wanda ya ci babbar kyautar bikin Berlin a shekarar. Wata tsohuwar malama ce Dora ke zama a tashar jirgin ƙasa ta Rio tana rubuta wa waɗanda ba su iya rubutu ba wasiƙa suna biyanta, rabin wasiƙun ma ba ta aikawa, sai mota ta kashe uwar wani yaro a gaban tashar ya zama ita ce za ta kai shi neman ubansa can arewa maso gabas, ƙasa busassa mai ƙaya da rana. Dattawan da sunka san masu rubuta wasiƙa a bakin gidan waya ba sai an yi musu dogon bayani ba. Ga malamai da ɗaliban Kwalejin Ilimi akwai Conducta na Kyuba, 2014, yaro ne Chala mai kiwon tattabaru da karnukan faɗa don ya ciyar da kansa da uwarsa da shaye-shaye ya ci ƙarfinta, da tsohuwar malamarsa Carmela da ta ƙi yarda a kore shi. Ga 'yan sakandare masu fuskantar WAEC da JAMB kuwa Stand and Deliver na 1988, shi da Turanci ne ma ya rage muku aiki, labarin gaskiya ne na Jaime Escalante ɗan Bolibiya mai koyar da lissafi a wata makarantar talakawa a gabashin Los Angeles, a 1982 ɗalibansa 18 sunka ci jarabawar lissafi mai wuya, hukumar jarabawa ta zargi da yawansu da satar amsa, waɗanda sunka sake zama sunka sake ci.

Daren matasa maza zan ba La jaula de oro ne, na 2013, yara daga Gwatamala da ke hawa saman jirgin ƙasan kaya suna ratsa Meziko don su shiga Amurka. Garin da hanyarsa ta Illela ke fita Ƙonni ta miƙe har Agadas ba ya buƙatar a fassara masa wannan labari, kusan kowace unguwa akwai wanda ya bi ta nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Fim ne mai nauyi, kuma tun a farkonsa akwai inda yarinyar ke ɗaure ƙirjinta don ta yi shigar maza, ku duba ku yanke shawara. Pájaros de verano na Kolombiya, 2018, shi ma akwai abin tattaunawa, saurayi ne daga ƙabilar Wayuu da ke zaune a hamadar Guajira aka yanka masa sadaki na awaki da shanu da sarƙoƙi da ba shi da halinsu, neman kuɗin ya jefa shi safarar wiwi har dangi duka sunka hallaka, ku sa shi ku ga yadda muhawarar lefe za ta ɓarke, amma na manya ne kawai don akwai jini da wasu wurare da sai kun tantance. Ɗaliban shari'a kuma Argentina, 1985 na 2022, yadda mai gabatar da ƙara Julio Strassera da wasu matasan lauyoyi sunka gurfanar da janar-janar ɗin da sunka mulki Ajantina daga 1976 zuwa 1983, mataimakinsa Luis Moreno Ocampo shi ne daga baya ya zama mai gabatar da ƙara na farko a kotun duniya ta ICC. Magana ta yi yawa a cikinsa kuma ya haura awa biyu, kar a kai shi fili, na zaure ne. Akwai kuma Malês na Antônio Pitanga a kan tawayen 1835 ɗin kansa, in kun samo izininsa kuma ya tsallake tantancewarku ba abin da ya fi shi dacewa da daren rufewa.

Yara fa? Mutane za su ce a sa Coco, to ku sani gaba ɗayansa a kan bikin ranar matattu ne na Meziko da yadda suke ganin lahira, wasu iyayen ba za su ji daɗi ba, kuma kamfanin Disney ba ya wasa da izini. Gajerun katun na ɗaliban makarantun fim sun fi sauƙi, da yawansu ma ba magana a ciki.

Maganar izini kar ku raina ta. Saukar da fim daga Telegram ka haska wa mutum ɗari biyu satar fasaha ce ko da kyauta ka nuna, dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta hana, kuma asusun Netflix ɗinka na kallon gida ne ba na taro ba. Mu da kullum muke jin kukan 'yan Kannywood a kan masu tura fim a waya bai kamata mu yi wa wasu ba. Hanya mafi sauƙi ita ce ofisoshin jakadanci da ke Abuja, Birazil da Meziko da Ajantina da Kyuba da Benezuwela duk suna da ofis, ku rubuta wa mai kula da al'adu wasiƙa shafi ɗaya, ku waye, ina, yaushe, mutum nawa kuke sa rai, ba a karɓar kuɗin shiga, ku tambaya ko suna da fina-finan da aka riga aka ba su izinin nunawa kyauta. Wasiƙar ta fi ƙarfi in ta fito da kan takardar makaranta ko ƙungiya mai rajista. In wani takamaiman fim kuke so sai ku nemo kamfanin da ke dillancinsa, sunansu na fitowa a farkon fim ko ƙarshensa, ku aika imel ku roƙi rangwame ko yafiya, ku faɗi gaskiya cewa ba ku da dala. Wasu za su yi shiru, wasu za su yanka kuɗin da ba ku iyawa, shi ya sa ake neman goma don a samu biyar. Gajerun fina-finai kuwa kai tsaye za ka yi wa daraktan magana a Instagram, da yawansu murna za su yi a ce an kalli aikinsu a Afirka. Duk wanda ya amince ku roƙi abu biyu, fayil mai kyau da fayil ɗin fassarar Turanci mai ƙarewa da srt, sannan ku nemi izinin mayar da ita Hausa a cikin wasiƙar guda.

To ga inda bikin ke tashi ko ya faɗi. Fassarar Turanci da ke gudu a ƙasan allo ba ta isar mutanenmu, ko ɗan jami'a sai ya gaji bayan rabin awa balle wanda bokonsa bai yi nisa ba. Ku sauke manhajar gyara rubutun fassara, Subtitle Edit ko Aegisub, kyauta ne, ku buɗe fayil ɗin srt, za ku ga kowane layi da lambarsa da lokacin da za shi fito da lokacin da za shi ɓace, lokutan nan kar a taɓa su, rubutun kawai ake gogewa a sa Hausa. Dogon fim na kai layi dubu ko fiye, ku raba wa mutum huɗu amma mutum ɗaya ne za shi bi duka daga ƙarshe ya daidaita, in ba haka ba sai ka ga a rabin farko ana ce wa mace Malama a rabi na biyu ta koma Anti. Kar layi ya wuce biyu a allo, kowane kamar harafi arba'in, kuma Hausa ta fi Turanci tsawo a rubuce saboda haka dole a datse. Mace ta juyo tana kuka ta yi magana ta sakan biyu, in ka rubuta "ban taɓa tsammanin cewa za ka iya aikata mini irin wannan abu ba" kafin a kai rabi ya ɓace, rubuta "kai ne da wannan?" ya wadatar, fuskarta ta faɗi sauran. Ashar a sassauta shi. Wajen ajiye fayil a zaɓi UTF-8, in ba haka ba duk ƙ da ɗ da ɓ za su koma akwatuna, sannan a gwada da manhajar kunna bidiyo ta VLC a kan majigin da za a yi amfani da shi, wani ya tsaya a layin baya ya ce ko yana iya karantawa.

Amma a fili da dare inda akwai waɗanda ba su karatun boko sam, mai fassara da baki ya fi. Mun saba da wannan daga fina-finan Indiya-Hausa, bambancin shi ne naku a tsaye yake da makirfo. A rage sautin fim ba a kashe ba, don a ji kiɗa da muryar 'yan wasa, shi kuma kar ya bi kowace jimla, ya faɗi abin da ake buƙata ya yi shiru. Matsalar ita ce duk wanda ka ba makirfo a gaban taro sai ya so ya zama ɗan barkwanci, wajen da yaro ke kukan uwarsa sai ka ji ya saka wasa an fashe da dariya, fim ya mutu. Ku zaɓi mai natsuwa, irin masu karanta labarai ko wasan kwaikwayo na rediyo, ya kalli fim ɗin sau uku da takardarsa a hannu, kuma in da hali a samu mace ta riƙa yin muryar mata. Kafin a kunna wani ya yi bayanin minti biyar, wace ƙasa ce, wace shekara, su waye manyan mutane uku na labarin, kar ya faɗi ƙarshe.

Kayan aiki ba su da yawa. Majigi mai haske lumen 3000 ko sama, kwamfuta da aka sauke komai a cikinta tun jiya don kar a dogara da netwok, filas na biyu a aljihun wani, sifiku biyu da ƙaramar mikisa, wayar HDMI guda biyu don ɗaya kan mutu ba dalili. Janareto a kai shi nesa bayan katanga da doguwar waya, a cika mai tun la'asar, a sa situbilaiza ko inbata tsakaninsa da majigi. In akwai farin bango mai santsi ya fi kowane allo. In yadi za ku rataya to iskar hunturu za ta riƙa kumbura shi fuskar ɗan wasa na lanƙwashewa, ku sa tela ya yi masa kalmasa sama da ƙasa a zura paip ko gora, a ɗaure kusurwa huɗu, a sa baƙin leda ko tampol a bayansa don fitilar maƙwabta kar ta huda. Ƙura kuma a rufe majigi da ƙyalle har sai an zo kunnawa.

Abinci shi ke sa a kira shi biki. Abin daɗin shi ne ba sai kun yi odar komai ba, acarajé da matan Bahia ke soyawa a bakin titi ƙosai ne da manja, agua de jamaica da ake sha a ko'ina a Meziko zoɓo ne, kuma a Bahia har yau akwai wani abinci da ake kira arroz de hauçá, shinkafa ce mai laushi da busasshen nama da albasa wadda sunan Hausawa ke kanta, ku sa a dafa da shinkafar fadamarmu a yayyanka kilishi a kai. A aje tebur guda da masara da rogo da gyaɗa da tumatur da barkono da dankali, a rubuta cewa duk asalinsu daga nahiyar can ne, za ku ga dattijo ya tsaya yana musu a kan gyaɗa. Rawar salsa ta namiji da mace ku manta da ita, ba nan ba. Wasan ƙwallo da safiyar Asabar tsakanin unguwa biyu, ɗaya da rigar Birazil ɗaya da ta Ajantina, ya fi ta jawo jama'a nesa ba kusa ba, a nan ne ma za ku raba takardar gayyata.

Kuɗi mai da hayar kujeru da sauti ne ke cinye su, sai ɗan abin da za a ba mai fassara da 'yan sintiri masu tsaron ƙofa. Ku nemi taimako da kaya maimakon tsaba, mai gidan ruwan leda ya ba da ruwa, mai shagon waya ya buga fosta a sa sunansa a ƙasa. Ɗan siyasa in ya ba da gudummawa a karɓa a yi godiya, amma kar a yarda a rataya hotonsa kusa da allo, daga ranar kun zama 'yan jam'iyya. In kunka ce wa masu fim kyauta ne to kyauta ne, kar wani ya tsaya a ƙofa yana karɓar ɗari biyu. Talla kuma status na WhatsApp da Facebook da ɗan bidiyo a TikTok, da sanarwa a Rima Radiyo don iyaye su ji da kunnensu, fostar ku zana taku da Hausa, kar ku ɗauko ta asali ba ku duba irin shigar da ke jiki ba.

Bayan kowane fim a bar minti ashirin na magana, ba lacca ba. Mai gabatarwa ya jefa tambaya ɗaya tak, misali bayan fim ɗin Dora, da ku ne za ku yafe mata wasiƙun da ba ta aika ba? sai makirfo ya zagaya, a fara miƙa shi ɓangaren mata don in maza sunka fara ba su saki. Malamin da kunka gayyato a ce masa Allah shi gafarta Malam minti biyar ne, kuma a sa wanda ba ya jin nauyinsa ya riƙe agogo. Wani ya ƙirga mutane kowane zama ya ɗauki hoto daga baya ba ta fuska ba, musamman ɓangaren mata. Cikin sati guda a maida kujerun mutane, a koma gidan mai unguwa da liman a yi bangajiya, a aika wa ofishin jakadanci da kowane darakta hotuna da adadin waɗanda sunka kalla da abu biyu uku da mutane sunka faɗa, a haɗa musu da fayil ɗin fassarar Hausa su ma su aje, ku ma ku aje kwafi wajen mutum biyu daban.